Fentin da Ya Ƙi Gaggawa: Tarihin Inamel da Sojojin Wasa

Kamfanin Humbrol na Ingila yana sayar da fentinsa na inamel a cikin ɗan gwangwani mai cin mililita 14, wato abin da bai cika babban cokali ɗaya ba. Umarnin kamfanin a kan wannan fenti shi ne a ba mai ƙyalli awa ɗaya zuwa biyu kafin a taɓa shi, a jira aƙalla awa 6 kafin a ƙara wani shafin a kansa, sannan a ba shi har awa 24 kafin ya yi tauri. Wanda ya ɗauki ɗan mutum-mutumin soja mai tsawon milimita 54 domin ya fente shi, zai tarar da riga da wando da takalmi da ɗamara da bindiga da fuska, kowanne da launinsa, kuma kusan kowanne yana jingine da ɗan'uwansa. Idan aka bi umarnin sau da ƙafa, abin da bai kai tsawon yatsa ba zai iya cinye maraicen mako guda. Wannan ma idan komai ya tafi daidai ke nan. Sau da yawa akan kwana uku fentin yana danƙo, duk wanda ya ɗora yatsa sai ya bar tambarinsa a kafaɗar sojan.

Shekaru aru-aru masu wannan sana'a suna fama da jinkirin fenti, kuma yadda suka yi da shi ya sauya kasuwar kayan wasa, ya ɗaga wasu kamfanoni, ya mayar da wasu baya. Abin da tarihin ya nuna shi ne cewa jinkirin yana cikin halittar fentin, kuma waɗanda suka fahimci dalilinsa sun fi waɗanda suka yi faɗa da shi cin riba.

Sunan aro

Asalin inamel garin gilashi ne da ake barbaɗawa a kan ƙarfe, a saka a wuta mai zafin digiri 750 zuwa 850 har ya narke ya manne. Shi ne rufin da ke jikin kwanukan langa da samira, mai santsi da ƙyalli, wanda idan ya faɗi ƙasa yakan ɓantare ya bar baƙin tabo. Fentin da ake kira inamel ba shi da gilashi ko kaɗan, kuma ba ya shiga wuta. 'Yan kasuwa ne suka ara masa sunan domin su nuna cewa idan ya bushe yakan yi tauri da sheƙi irin na wancan. Danginsa na kusa shi ne abin da masu fenti ke kira fentin mai, wanda ake shafa wa ƙofofin ƙarfe da tagogi, saɓanin fentin ruwa na bango.

Bushewa iri biyu

Kalmar bushewa tana rufe abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Na farko shi ne bushewar wanki a kan igiya: ruwa ya tashi ya bi iska, abin da ya rage ya tsaya. Na biyu kuwa sauyin halitta ne. Akwai wasu mayuka na tsirrai, musamman man linsid da ake tatsa daga 'ya'yan tsiron da ake saƙa lilin da zarensa, waɗanda idan aka shimfiɗa su siriri sukan zuƙi iskar oksijin. Oksijin ɗin ya shiga tsakanin ƙwayoyin man ya ɗaure su da juna, sannu a hankali ruwa ya zama fata mai tauri kamar saƙar raga. Shi ya sa man linsid nauyi yake ƙarawa yayin da yake ƙafewa, domin abu yake ɗauka daga iska. Man gyaɗa ba shi da wannan hali, ko shekara ya yi a kan faranti maiƙo zai ci gaba da yi.

Fentin inamel yana bin matakan biyu. Tina, wato sinadarin da ke tsinka shi, yakan tashi cikin 'yan mintuna ko awa, sai fentin ya yi kamar ya bushe. A nan ne aikin gaske yake farawa, kuma yana iya ɗaukar kwanaki. Tun shekarun 1920, bayan binciken Roy Kienle a kamfanin General Electric na Amurka, aka samu wani ƙaro na haɗi mai suna alkid, wanda ake dafa shi da man linsid ko man waken suya. Alkid ya rage jiran daga kwanaki masu yawa zuwa yini guda, amma bai kawar da buƙatar oksijin ba. Domin a ƙara masa sauri, masana'antu suna zuba ɗan sinadaran busarwa: kobalt, wanda ke ƙafar da saman fentin, da wasu irin su zakoniyam da kalsiyam da ke taimaka wa cikinsa. A da, dalma ce take yin wannan aiki na biyu.

Daga wannan bayani kusan duk koke-koken masu fenti suke fitowa. Shafi mai kauri yakan yi fata a sama, fatar ta tare iska, cikin ya zauna da laushi har makonni, wani lokaci ma saman ya yamutse. Wanda ya zabga fenti da yawa domin ya gama a shafi ɗaya ya faɗa cikin abin da Hausawa ke cewa sauri ya haifi nawa. Sanyi yana rage saurin haɗuwar man da oksijin, laima ma haka. Mai fentin ƙofa ya san bambancin aikin bazara da na tsakiyar damina. Gwangwanin da ya daɗe a ajiye yakan rabu gida biyu, garin launi da sinadarin kashe ƙyalli su kwanta a ƙasa, man ya taso sama, wanda bai motsa sosai ba sai ya shafa kusan zallar mai. Haka kuma garin wasu launuka, musamman baƙi, yakan tsotse sinadarin busarwa idan fentin ya tsufa, ya bar shi ba ƙarfi.

Daga Nuremberg zuwa Landan

Sana'ar sojojin wasa ta kafu a Jamus a ƙarni na 18, inda Johann Gottfried Hilpert na birnin Nuremberg ya shahara da zuba 'yan mutum-mutumi na kuza masu faɗi kamar kwabo. A 1839 Ernst Heinrichsen ya kafa masana'antarsa a wannan birni, kuma tsawon da ya zaɓa, kimanin milimita 30, ya zama ma'aunin da sauran suka bi. Jamusawa ne suka riƙe kasuwar Turai har zuwa 1893, lokacin da William Britain ƙarami ya fito da wata dabara a Landan. Yakan zuba narkakkiyar dalma a cikin mazubi, ya jira ɗan lokaci kaɗan gefen ya daskare, sai ya juyar da sauran. Sojan da ya fito kwanso ne mara ciki, ya fi na Jamus sauƙin nauyi da araha. Da irin waɗannan sojoji masu milimita 54 ne marubuci H. G. Wells ya tsara wasan yaƙin da ya wallafa a littafinsa Little Wars a 1913.

Zuba soja ɗaya aikin daƙiƙoƙi ne, fente shi ne ke cin lokaci. Da hannu ake yi, yawanci mata ne, wasu a masana'anta wasu a gidajensu, da fentin mai mai ƙyalli. Dabarar da ta dace da irin wannan fenti ita ce a jera sojoji da yawa, a bi su da launi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kafin a komo kan na farko da launi na biyu. Jinkirin bai ragu ba, amma an raba shi a kan ɗaruruwa, har ya daina tsayar da aiki. Wannan ita ce amsar farko da sana'ar ta ba matsalar, kuma har yau masu fente rundunar wasan yaƙi ita suke bi.

Zuwan roba

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta shigo. Nicholas Kove, ɗan ƙasar Hangari da ya kafa kamfanin Airfix a Landan a 1939, ya fara sayar da samfurin jirgin ruwan Golden Hind a shagunan Woolworths a 1952, gunduwa-gunduwa cikin leda, a kan sule biyu. Jirgin saman Spitfire ya biyo baya a 1953, a ma'aunin 1/72, wato kowane inci ɗaya na samfurin yana wakiltar inci 72 na jirgin gaske. Da wannan sauyi nauyin fenti ya tashi daga kan ma'aikatan masana'anta ya koma kan yaron da ya sayi kayan.

A lokacin akwai fenti mai saurin bushewa. Masu ƙera jiragen katako da takarda sun daɗe suna amfani da fentin selulos, wanda ke bushewa cikin mintuna. Matsalarsa ita ce sinadarin da ke tsinka shi yana da zafi, yakan ci robar folistirin da ake yin sababbin samfurorin da ita, ya bar fuskarta da kurajen tsaga. Tinar inamel tana da sanyin hali, ba ta taɓa robar sosai. Saboda haka mai jinkirin ne ya ci kasuwa. Humber Oil Company, wanda aka kafa a birnin Hull a 1919 yana sayar da man keke, ya juya zuwa 'yan gwangwanayen inamel da suna Humbrol. A Amurka kuma Testors, da aka kafa a Rockford ta jihar Illinois a 1929, ya cika shaguna da 'yan kwalabensa. Kusan shekara talatin, fentin samfuri da inamel abu ɗaya ne a bakin mutane.

Dalma kuwa ta fara fita. Kamfanin Britains ya daina zuba sojojinsa na dalma a 1966, a 1967 Birtaniya ta kafa dokar da ta taƙaita dalma a fentin kayan wasan yara, a 1978 kuma Amurka ta hana fentin dalma a gidaje da kayan wasa. An tsare lafiyar yara da wannan mataki, ko da yake masu haɗa fenti sun rasa ɗaya daga cikin sinadaran busarwa mafi aminci, suka shiga neman madadi.

Robar da ba ta shiri da inamel

Ba duk roba ce ɗaya ba, kuma a nan mutane da yawa suka sha wahala ba tare da sanin dalili ba. Ƙananan sojojin da Airfix ya riƙa fitarwa a kwalaye daga wajen 1960 da robar foliyetilin aka yi su, irin ta bokiti, mai lanƙwasa da santsin kakin zuma. Fenti yakan bushe a kanta amma ba ya kama ta. Da bindigar sojan ta lanƙwashe sai fentin ya ɓare.

Robar PVC mai laushi ta fi wannan muni. Asalin PVC tauri ne da ita, kamar yadda ake gani a bututun ruwa. Domin ta yi laushi ake cuɗa ta da wani sinadari mai maiƙo, wanda ba ya ɗaure da robar, zaune kawai yake a cikinta. Idan aka shafa inamel, tinar ta jiƙa fuskar robar ta buɗe wa wannan sinadari hanya, ya riƙa tsattsafowa cikin fentin yana tausasa shi daga ƙasa. A irin wannan hali jira ba ya magani, fentin zai iya shekara yana danƙo. Masu fente manyan mutum-mutumin finafinai na roba mai laushi sun koyi wannan darasi a shekarun 1980 da 1990. Wani sabon ƙarni ya sake koyonsa bayan 2012, lokacin da kamfanin Reaper na Amurka ya tara fiye da dala miliyan 3 a dandalin Kickstarter domin fitar da mutum-mutuminsa na PVC masu suna Bones, kuma masu saye suka gano cewa wasu fentin feshi na gwangwani ba sa ƙafewa a kansu. Maganin da aka sani shi ne a wanke fentin gaba ɗaya a sake da akirilik, ko tun farko a shimfiɗa akirilik ya zama katanga tsakanin robar da inamel.

Akirilik ya karɓe fage

Akirilik ƙananan ƙwayoyin roba ne da ke yawo a cikin ruwa. Da ruwan ya tashi sai ƙwayoyin su matsu su manne da juna, ba ruwansu da oksijin. Kamfanin Henry Levison na Amurka ya fitar da shi ga masu zane a tsakiyar shekarun 1950 da suna Liquitex, amma ya ɗauki lokaci kafin ya isa teburin masu samfuri. Abin da ya tura shi gaba shi ne wasannin yaƙi na tebur. Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, ya fitar da wasan Warhammer a 1983, kuma mai wannan wasa yana buƙatar runduna ta mutum hamsin ko ɗari kafin ranar karawa. Fentin Citadel da kamfanin ya riƙa sayarwa daga shekarun 1980 na ruwa ne, yana bushewa cikin mintuna, ana wanke buroshinsa a famfo, ba ya cika ɗaki da wari, iyaye kuma ba sa fargabar sayen sa. A 1992 kamfanin Vallejo na Sifen ya fito da jerin Model Color a cikin kwalabe masu ɗigo, waɗanda suka zama abin hannun masu fente mutum-mutumin tarihi.

Sauyin fenti ya sauya hannun masu aiki. Da inamel ko fentin mai, akan ajiye launi mai duhu kusa da mai haske, a ɗauki buroshi mai ɗan laima a narkar da iyakarsu, domin dukkansu suna jiƙe har tsawon lokaci. Da haka ake fitar da inuwar kunci da ninkin riga. Ba'amurke Bill Horan ya yi suna a duniya da mutum-mutumin da ya fente da Humbrol, shi kuma François Verlinden na Beljiyam ya yaɗa salon share fuskar samfuri da buroshi mai ƙarancin fenti domin kusurwoyi su fito. Akirilik ba ya ba da wannan dama, kafin a juya ya bushe. Dole masu amfani da shi suka koyi jera siraran shafe-shafe, kowanne ya ɗan fi na ƙasansa haske, har ido ya ga kamar launin narkewa ya yi. Sai ga shi kamfanoni suna sayar da ruwan da ake ɗiga wa akirilik domin a jinkirta bushewarsa, masu fenti kuma suna dama launi a kan takarda mai jiƙaƙƙen soso a ƙarƙashi. Abin da aka gudu saboda shi, shi aka dawo ana saye da kuɗi.

Kasuwar inamel dai ta tsuke. Humbrol, wanda ya shiga rukuni ɗaya da Airfix tun 1986, ya durƙushe a 2006, kuma kamfanin Hornby ya sayi sunayen biyu a ƙarshen wannan shekara. Dalilan durƙushewar sun wuce batun fenti, amma zamanin da kowane yaro mai samfuri ke da jerin gwangwanaye a kan taga ya riga ya wuce.

Dawowa ta wata ƙofa

A farkon ƙarnin nan wani salo ya taso daga Sifen, wanda aka fi dangantawa da Miguel Jiménez, da aka sani da Mig, da littafinsa F.A.Q. na 2005. Burin salon shi ne samfuri ya fito kamar abin da ya sha rana da ƙura da tsatsa. Hanyarsa ita ce a yi launin asali da akirilik, idan ya bushe a bi shi da tsinkakken inamel mai duhu wanda zai gangara cikin ramuka da tsagogi. Tinar inamel ba ta narkar da busasshen akirilik, don haka mai aiki yana da sarari ya goge abin da ya yi yawa, ya ja wani ƙasa kamar sawun ruwan sama, ya sake gwadawa idan bai gamsu ba. Duk wannan yana yiwuwa ne domin fentin bai yi gaggawar tauri ba. Kamfanoni irin su AK Interactive da AMMO sun gina kasuwa a kan kwalaben inamel da aka haɗa musamman domin wannan aiki. Fentin da aka kora daga matsayin shafin farko ya samu wurin zama a matsayin shafin ƙarshe.

Dokokin lafiya kuma ba su gama da shi ba. Domin kada fenti ya yi fata tun yana cikin gwangwani, masana'antu sun daɗe suna zuba wani sinadari mai suna MEKO, wanda ke riƙe kobalt har sai an shafa fentin shi kuma ya tashi. Daga 1 ga Maris 2022 Tarayyar Turai ta sanya MEKO cikin rukunin abubuwan da ake ɗauka suna iya haddasa sankara, abin da ya hana sayar wa jama'a fentin da ke ɗauke da shi fiye da ɗan ƙanƙanin adadi, ya kuma tilasta wa kamfanoni sake haɗinsu. Kobalt ma ana neman maye gurbinsa da sinadaran ƙarfe da manganis. Ma'anar wannan ga mai fenti ita ce gwangwani biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, ɗaya na shekarun 1980 ɗaya na bana, ba lallai su bushe a lokaci ɗaya ba.

Abin da ya rage a hannun mai fenti

Dabarun da suka tsira daga wannan dogon tarihi kaɗan ne, kuma kowacce tana komawa ga oksijin ko ga abin da ke ƙarƙashin fentin. A wanke mutum-mutumin da ruwan sabulu kafin komai, domin maiƙon da ake shafa wa mazubi a masana'anta yakan biyo shi. A motsa gwangwani da tsinke na mintuna, har gudajin ƙasa ya watse, girgizawa kaɗai ba ta isa. A tsinka fentin kaɗan a yi sirara biyu maimakon mai kauri ɗaya. A ajiye aikin a wuri mai ɗumi da iska ke ratsawa, a rufe shi da kwali mai huji saboda ƙura, kada a kulle shi a mazubin da iska ba ta shiga. Masu samfurin motoci sukan saka nasu a na'urar busar da 'ya'yan itace a zafin da bai wuce digiri 40 sosai ba, domin ɗumi yana hanzarta aikin, zafi mai yawa kuma yana lanƙwasa roba. Wanda zai ƙara sinadarin busarwa na masu zane ya tsaya a ɗigo, domin idan ya yi yawa saman ne zai ƙafe ya yamutse.

Hanci ya fi yatsa iya gwaji. Yayin da man ke haɗuwa da oksijin yana fitar da wani wari na musamman, kuma muddin ana jin sa, aikin bai ƙare ba ko da fuskar ta yi tauri. Idan warin ya ɗauke amma fentin yana danƙo bayan mako biyu ko uku, to ko dai fentin ya tsufa ya rasa ƙarfinsa, ko kuma robar ce ke tsattsafo da maiƙo daga ƙasa. A duka biyun ƙarin jira ba zai ƙara komai ba, abin da ya dace shi ne a wanke fentin a koma farko.